Zance a Zaure

Kun tuna yadda ake zance a da? Saurayi ba ya wuce zaure. Yaro yake aikowa: "Wai ana sallama da wance." Kafin yarinya ta fito da tabarma da fitila, iyaye sun san ɗan gidan wa ne, ƙanwarta kuma na biye da ita. In dare ya yi, gyaran muryar uba ta isa. Da wayar salula ta yaɗu a Nijeriya daga 2001, sai zance ya koma ɗaki, ƙarƙashin mayafi, babu ɗan aike. Ke da kike cikin kulle, ai yaron nan shi ne kunnenki a ƙofar gida. Yanzu sai dai ki zaunar da 'yarki, ki tambaye ta mai kiranta.