Kyautar da Ta Nemi Sunan Ɗalibi

A shekarar 2002 jami'ar MIT ta Amurka ta soma zuba darussanta a intanet kyauta, ba ta tambayi mai karatu ko da sunansa ba. Bayan shekara 11 sai ga inBloom da wata irin kyauta. Gidauniyar Gates da ta Carnegie suka zuba dala miliyan 100, aka gina rumbun bayanan ɗalibai, manhajarsa a buɗe ga kowa, da nufin zaɓar wa kowane yaro darasin da ya dace da shi.

Abin da rumbun ya nema kuwa ba kaɗan ba ne: sunan yaro, adireshinsa, makin jarrabawarsa, laifuffukan da aka taɓa hora shi a kansu, har da nakasarsa in yana da ita. Jihohi tara suka amsa kira, amma iyaye, waɗanda ’ya’yan nan nasu ne, ba a nemi yardarsu ba. Nan gizo ke saƙa, domin buɗe manhaja bai gaya wa uba hannun wa sirrin ɗansa zai faɗa ba.

Jihar Luwiziyana ta janye a 2013. Majalisar jihar New York ta yi dokar hana miƙa bayanan a 2014, kuma a watan Afrilun wannan shekara inBloom ta sanar da rufewa.