Ɓarakar XSS a shafin CUPS

CUPS manhaja ce da ke kula da buga takardu a kwamfutocin Linux da Mac. Michael Sweet ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Apple ya saye ta a 2007.

Tana da shafin sarrafawa da ake shiga ta ƙofa mai lamba 631, kuma nan ne ɓarakar XSS ta sha kunno kai. Wato mahari kan cusa umarnin JavaScript cikin adireshin da zai turo. Mai kula da firinta na latsawa, sai shafin ya aiwatar da umarnin da sunan shi mai kula da firintar.

An toshe wata kafar a sigar 1.4.2 a 2009, wata kuma a 2.0.3 a 2015. Abin damuwar shi ne, duk shagon buga takardu a Funtua ko Malumfashi da ke riƙe da sigar da ta girmi waɗannan, gyaran bai iso gare shi ba.