Hiroshi Sugimoto da hotunan da ke kama lokaci

Hiroshi Sugimoto mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar Jafan, an haife shi a Tokyo a 1948, ya koma New York da zama a 1974. Ya yi suna da hotunan baƙi da fari masu kama da mafarki, waɗanda ke bibiyar shuɗewar lokaci da abin da ke saura a ƙwaƙwalwar ɗan Adam.

Aikinsa mafi jan hankali ya fara shi ne a shekarun 1970, a tsofaffin gidajen silima na Amurka. Yakan kafa babbar kyamara, ya buɗe idonta da zarar fim ya fara, ba zai rufe ba sai an tashi. Duk fuskoki da motsin fim ɗin sai su narke, allon ya fito fari fat, haskensa kuma ya bayyana kujeru da adon bango. Fim guda cur ke nan a hoto ɗaya, kuma dabarar ta cancanci yabo.

Daga 1980 ya shiga ɗaukar hotunan tekunan duniya: rabi ruwa, rabi sama, babu jirgi, babu mutum. Manufarsa ita ce nuna abin da mutanen farko suka gani.

A 1999 ya ɗauki hotunan mutum-mutumin kaki na Sarki Henry na Takwas da matansa shida, suka fito tamkar rayayyu. Ya samu lambar yabo ta Hasselblad a 2001.