Kwali da Dariya: Wa Ya Riƙe 'Yan Kallo Tsakanin Sangaya da Ibro?

Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Kalgo, ko a majalisar samari a Gwandu bayan sallar isha'i, ya san yadda musun shirin Labarina da na Izzar So yake ƙarewa. Wani zai zaro waya ya buɗe YouTube ya nuna yawan waɗanda suka kalli fitowar makon jiya, abokin musunsa ya zaro tasa ya nuna wata lambar, a tashi kowa na ganin shi ya yi nasara. Musun ya girmi wayar da ake yin sa da ita. An yi irinsa shekaru ashirin da ɗoriya da suka wuce, lokacin da kasuwar fim ɗin Hausa ta rabu gida biyu: fina-finan soyayya masu rawa da waƙa, waɗanda fim ɗin Sangaya ya buɗe wa hanya, da fina-finan barkwanci da ake yi wa laƙabi da camama, waɗanda Rabilu Musa Ibro ya ɗauka a kafaɗarsa. Abin da ya faru a wancan karon yana nuna cewa lambar da muke kafa hujja da ita, a da da yanzu, ba ta taɓa ƙirga mutanen da ya kamata ta ƙirga ba.

Ko a ƙasashen da ake rubuta kuɗin kowane tikiti, lissafi bai kashe irin wannan gardama ba. Fim ɗin Avatar na 2009 ya riƙe kambun fim mafi kawo kuɗi a duniya kusan shekara goma, sai Avengers: Endgame ya ƙwace a Yulin 2019, sannan aka sake haska Avatar a Sin a Maris 2021 ya karɓe abinsa, da jimillar da ta haura dala biliyan 2.8. Amma masoyan Avengers har gobe suna yi wa Avatar gorin cewa cikin dubban da suka biya suka kalle shi, kaɗan ne za su iya faɗin sunan jaruminsa, alhali yaro ƙarami ya san Spider-Man. Can dai suna da alƙaluman da za su yi faɗa a kansu. Mu a nan ko waɗannan ba mu da su.

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, fim ɗin Hausa a kaset ya rayu, kuma hanyar sayar da shi ita ce tushen ruɗanin. Furodusa yakan gama fim, ya buga kwalayen da za a sa kaset a ciki, ya kai wa dillalai a kasuwannin Ƙofar Wambai da Bata tare da uwar kaset. Dillali ne ke sayen kaset marar komai, ya jera na'urori ya kwafa, ya zura a kwali ya sayar wa 'yan sari. Don haka idan aka ce fim ya yi kasuwa, ana nufin kwalinsa ya ƙare an sake bugawa. Kwali shi ne tikitinmu, shi ne rasiɗinmu. Wanda ya buga kwalin jabu a bayan fage bai shiga lissafi ba, haka wanda ya kwafi kaset ya sayar tsirara ba kwali, haka mai shagon haya da ke ba da kaset ɗaya ga gida talatin.

A wannan kasuwa Sangaya ya faɗo a 1999, daga kamfanin Sarauniya, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni. Labarin ɗan sarki ne da ya kamu da son baiwar Allah mai aikatau a gidan sarauta, Ali Nuhu a gefe guda, Fati Muhammad a matsayin Zubaina a ɗaya gefen. Labarin ba sabo ba ne, kowace kaka tana da irinsa a tatsuniya. Abin da ya tashi kan mutane shi ne waƙar, wadda aka haɗa da fiyano mai kwaikwayon kayan kiɗan gargajiya, ta fita daga cikin fim ta shiga gidajen biki da shagunan masu kaset. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suna ɗaukar Sangaya a matsayin mararrabar da harkar ta sauya alƙibla, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: bayansa, furodusa ba ya kusantar dillali sai da waƙa uku ko huɗu a hannu, wani lokacin ma waƙar ake fara yi kafin a nemo labarin da za a rataya mata. Wasila na Yakubu Lere ya biyo baya daga Kaduna a 2000, da Ali Nuhu da Wasila Isma'il, ya tabbatar da cewa ba dace aka yi ba. A daidai wannan lokaci ne mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa, a Maris 1999, kuma a shekarar Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa. Wato zamanin Sangaya ya zo da marubutansa, kuma su suka rubuta tarihin da muke karantawa.

Ɗaya ruwayar ba a rubuta ta sosai ba, a bakin 'yan sari da direbobi da masu gidan kallo take. Ita tana cewa ƙauye Ibro yake nema. Rabilu Musa mutumin Danlasan ne ta wajen Wudil, tsohon ma'aikacin gidan yari, kuma ya mayar da sunan wasa guda ɗaya jerin fina-finai marasa iyaka. Dabararsa mai sauƙi ce: duk abin da duniya ke magana a kai, sai a manna masa Ibro. Da waƙoƙin Awilo Longomba na Kwango suka cika Najeriya, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 sai ga Ibro Usama, bayan Amurka ta afka wa Iraƙi a 2003 sai ga Ibro Saddam. Manyan 'yan fim na birni suna raina wannan aiki, kuma ba a rasa dalili ba. Ana ɗaukar fim a 'yan kwanaki, sau da yawa babu rubutaccen labari, sauti na hawa yana sauka, wani barkwancin kuma cin fuska ne ga wata ƙabila ko wani mai naƙasa. Kalmar camama kanta zagi ce. Sai dai mai raina kayan bai hana shi ɗaukar Ibro ya saka a fim ɗinsa na soyayya, ko da fitowa biyu ce a matsayin maigadi, don kwali ya motsa.

Ga wanda ke kallon lamarin daga Gwandu ko Kalgo, ruwaya ta biyu ta fi kama hankali, kuma dalilin yana cikin tafiyar kaset ɗin kanta. Kafin fim ya baro Kano ya iso kasuwar Jega ko Birnin Kebbi, ya ratsa hannu da yawa, kuma a inda ya sauka gidaje masu bidiyo da wutar da za ta kunna shi ba su da yawa. Kallo a gidan kallo ake yi, da janareta, ko a tsakar gidan wani mai hali inda yaran unguwa ke cika ƙofa. Kwali ɗaya a irin wannan wuri na iya zama idanu ɗari, alhali kwali ɗaya a unguwar ma'aikata a Kano ko Kaduna na iya zama mutum biyar. Fim ɗin soyayya ya fi samun mai saye ya ajiye, musamman matan aure da 'yan mata a birni, don a maimaita waƙa a koyi ɗinki da ɗauri. Barkwanci kuwa abin taro ne, dariya ta fi daɗi cikin jama'a, kuma dattijon da zai tashi idan aka fara rawar namiji da mace yana iya zama a kalli Ibro da shi. Ko da a ce littafin dillali ya nuna Sangaya da 'yan uwansa a gaba, littafin yana auna aljihu ne, kuma aljihun birni ya fi na ƙauye nauyi.

Za a ce ai kuɗi shi ne shaidar so, mutum ba ya cire na cefane ya sayi abin da bai damu da shi ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ta sa ba za a rage wa Sangaya komai ba: ya jawo jari, ya jawo matasa daga Jos da Kaduna zuwa Kano, ya kafa Ali Nuhu, tauraron da a Janairun 2024 aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Amma a duba me mutane suka riƙe. Abin da aka so a Sangaya salo ne, kuma salo ana iya ɗaukarsa a kai wani gida. Cikin shekara biyu an yi fina-finai barkatai masu irin waƙarsa, 'yan kallo suka bi waƙa duk inda ta koma, ba su tsaya jiran Zubaina ba. Ibro kuwa ba a iya ɗaukarsa a kai ko'ina. An yi masu barkwanci na gaske a kusa da shi, irin su Ciroki da Bosho da Daushe, kowa da nasa masoyan, amma babu wanda aka taɓa sa wa jar hular da Ibro ke sawa aka ce wa jama'a ga Ibro suka yarda. Sunan ya ma bar fim ya shiga magana, duk yaro mai ban dariya a aji ko a kasuwa sai a ce masa Ɗan Ibro.

Za a kuma ce mutuwa ce ke ƙara wa mutum kwarjini, tunda ya rasu a Disambar 2014 kowa ya zama masoyinsa. Wannan ma ba ƙarya ba ce, Bahaushe ba ya son faɗin aibin mamaci. Sai dai an gwada farin jininsa yana raye, a lokaci mafi tsanani. Bayan abin kunyar da ya girgiza masana'antar a 2007, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta matsa wa 'yan fim lamba. An ɗaure Adam A. Zango a shekarar, an ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama a ƙarshen 2008, kuma a 2008 ɗin kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko, tsohon gandiroba ya koma gidan yari ta ɗaya ƙofar. A wannan yanayi da iyaye da malamai suka juya wa fim baya, rawa da waƙa ce ta fi shan suka, wato gadon Sangaya. Shi kuwa Ibro ya fito ya ci gaba da cika kwalaye da sunansa har ƙarshen ransa. Ƙaunar da ta tsallake ɗauri da wa'azi ba sai ta jira makoki ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Faifan CD ya kori kaset, satar fasaha ta kori faifan, kasuwar Ƙofar Wambai ta durƙushe. An ɗan koma sinima a Kano, inda aka haska Mansoor da Rariya a 2017 a Filmhouse na Ado Bayero Mall, kuma aka sami tikitin da za a ƙirga, amma tikitin zaure ɗaya ne a birni ɗaya, ba zai yi kusa da naira biliyan ɗaya da A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya haura a kudu ba, balle ya faɗi ra'ayin Kabawa. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, ta kawo shirin Daɗin Kowa, sannan a 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka fito. Su ma an gwada su. Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, daga baya aka sauya labarin ɗungurungum da Sadiq Sani Sadiq, mutane suka yi ƙorafi suka ci gaba da kallo, abin da ke nuna hannun Saira suke bi. Izzar So ya rasa daraktansa Nura Mustapha Waye a 2022 bai tsaya ba, domin jarumin labarin, Umar Hashim, ake zuwa gani. Lambar YouTube ba ta bambance waɗannan nau'o'in riƙo biyu, kuma ba ta san da mai shagon caji a Kalgo ba, wanda ke sauke fitowar mako sau ɗaya da datarsa, ya wuni yana tura ta cikin wayoyin mutane a kan 'yan nairori.