Tarewar da sai Ingila ta yarda

Kafin 1962, ɗan Najeriyar da karatu ko aiki ya kai shi Ingila bai san wani abu wai shi neman izinin kai iyali ba. Dokar 1948 ta ɗauki mutanen ƙasashen da Birtaniya ke mulka a matsayin nata, kuma ko da muka samu 'yanci a 1960 ƙofar ba ta rufe nan take ba. Kuɗin jirgi ne kaɗai damuwa. Amarya ta hau jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, ta shiga jirgin ruwan Elder Dempster a Apapa, bayan kamar mako biyu ga maigida tsaye a tashar Liverpool riƙe da rigar sanyi. Na riski kaɗan daga dattawan wancan zamani a nan Manchester, kuma in ka ba su labarin takardun da ake cikewa yau sai su riƙe baki.

Dokar 1962 ce ta fara tsuke ƙofa, amma a kan maza masu neman aiki. Matar aure da 'ya'yan da ba su kai shekara 16 ba an bar musu damar biyo maigida. Can sai gwamnati ta lura ta wannan kafar aka fi shigowa, musamman daga Indiya da Pakistan. A 1969 aka wajabta wa iyali karɓar takardar izinin shiga tun daga ƙasarsu, layi kuwa ya fara tsawo a ofisoshin jakadanci. Tunda doka ba ta ba jami'i bakin cewa "ba ma son matarka" ba, sai ya koma cewa "ba mu yarda matarka ce ba."

Wannan zargin ya kai su ga abin kunya. A watan Fabrairun 1979 jaridar Guardian ta fallasa abin da aka yi wa wata malamar makaranta 'yar Indiya a filin jirgin Heathrow. A lokacin, wadda aka yi wa baiko tana iya shiga ba tare da bin dogon layin matan aure ba. Jami'ai suka ce ai wannan ta riga ta yi aure, ɓoyewa take yi, suka sa likita namiji ya duba budurcinta. An yi ca, gwamnati ta hana. Bayan shekara talatin da 'yan kai takardun gwamnati suka nuna matan da aka yi wa haka sun kai 80. Yara ma ba su tsira ba, an riƙa ɗaukar hoton ƙashin hannunsu don a ƙaryata shekarun da iyayensu suka faɗa.

Da aka bar jiki sai aka koma zuciya. Daga farkon shekarun 1980 aka ɗora wa ma'aurata nauyin tabbatar da cewa ba don shiga Ingila aka ƙulla auren ba. To yaya mutum zai kawo shaida a kan niyyar da bai yi ba? Masu auren haɗi da auren zumunci su suka fi ji a jikinsu, har ministan cikin gida Jack Straw ya soke wannan ƙa'ida a 1997.

Abin da ya karya zargin cewa yaran ba jinin iyayensu ba ne kuwa daga jami'ar Leicester ya fito. A 1984 Alec Jeffreys ya gano yadda ake tantance mutum ta ƙwayoyin halittarsa, kuma shari'ar farko da aka gwada hanyar, a 1985, ba ta kisan kai ba ce. Wani yaro ne ɗan asalin Ghana, haifaffen Ingila, ya dawo wajen mahaifiyarsa aka ce fasfonsa na bogi ne. Aka gwada jininsa da na uwar da na 'yan uwansa uku, ya tabbata ɗanta ne. Da aka faɗaɗa gwajin a kan iyalan da aka daɗe ana korar takardunsu, sai ga shi akasarinsu gaskiya suke faɗa tun farko. Wasu yaran a lokacin sun riga sun wuce shekarun da za a karɓe su.

Mu Hausawa, dokar 1988 ce ta taɓa mu kai tsaye, ita da sharaɗin biza da aka sanar wa Najeriya da Ghana a 1986. Mai mata biyu, in ɗaya ta shigo da sunan matarsa, ɗayar ba ta da hanya muddin auren farkon na nan. Na ga gidajen da wannan zaɓi tsakanin uwargida da amarya ya haddasa gabar da har yau ba ta mutu ba. Ɗan riƙo ma, wanda ka raina tun yaye, da wuya su yarda ɗanka ne.

Ko auren mace ɗaya bai tsira daga rashin fahimta ba. Wani yaro ɗan garinmu ya zo mini da jakar takardu, fuska a murtuke.

"Kawu, lauya ya ce in kawo hoton ɗaurin aure da ke nuna ni da ita tare."

Ya baje hotunan a kan tabarma: maza cikin manyan riguna a ƙofar masallaci, waliyyi da wakili, faifan goro da dabino. Amarya tana can cikin gida, lulluɓe, tsakiyar ƙawaye, kamar yadda kowace 'yar mutunci take a ranar. Dole muka haɗa da hotunan kamu, da takardar shaidar aure, da hirarsu ta WhatsApp, abin da ko yayarsa ba zai yarda ta karanta ba. Surukarsa kuma kullum tana waya: "Wai yaushe yarinyar nan za ta tare ne?"

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, don yanzu magana ta koma aljihu. A 2010 aka sa jarrabawar Turanci. A Yulin 2012, zamanin Theresa May tana ministar cikin gida, aka ce ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin ba zai kawo mata ko miji ba sai albashinsa ya kai fam 18,600 a shekara, kuma Kotun Ƙoli ta amince da hakan a 2017. Ni dai ina ganin wannan ya fi na da fitowa fili, babu mai duba jikin kowa, amma ya fi shi rashin tausayi, domin zargi ana iya wanke shi da shaida, talauci kuwa ba ya wankuwa da rantsuwa.

A 2024 aka ƙara ɗaure igiya. Daga Janairu yawancin ɗaliban digiri na biyu suka rasa damar zuwa da iyali, kafar da dubban 'yan Najeriya suka bi. A Maris aka hana masu aikin kula da tsofaffi kawo nasu iyalin. A Afrilu sharaɗin albashi ya tashi zuwa fam 29,000, ban da kuɗin biza, da gwajin tarin fuka, da harajin asibiti na fam 1,035 kowace shekara. Mafi ƙarancin albashi a wannan shekarar fam 11.44 ne a awa, wato mai aikin mako cikakke bai kai fam 23,000 a shekara ba. Shi ya sa yaron nan ɗan garinmu ya haɗa da gadin dare, har ya tara takardun albashin wata shida da ake nema.