Agogon hannu na zamani a matsayin kwamfutar nutso: Abin da yake iyawa da inda ya gaza

Kwamfutar nutso ƙaramar na'ura ce da mai shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska ke ɗaurawa a hannu. Tana auna zurfin da ya kai da lokacin da ya ɗauka, sannan ta lissafa masa mintunan da suka rage kafin hawowa ta zama haɗari. A shekarun nan wasu agogunan zamani sun fara yin wannan aiki, sai dai ba kowane agogon da aka rubuta wa cewa ruwa ba ya shigarsa ne ke iyawa ba.

Me ya sa ake buƙatar lissafin?

Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mu a doron ƙasa. A mita 30, matsin ya ninka sau huɗu ke nan. Iskar da ke cikin tukunya kuwa kusan kashi 78 cikin 100 nitirojin ce, kuma matsi na sa ta narke cikin jini da tsoka. Idan aka hawo a hankali, huhu zai fitar da ita. Idan aka yi gaggawa, sai ta tashi kumfa a jiki kamar lemon kwalbar da aka buɗe bayan an girgiza. Kumfar na jawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, wani lokaci ma ajali.

Najeriya ta ga misalin wannan a watan Mayun 2013, lokacin da jirgin ruwa na Jascon-4 ya kife a tekun da ke daura da Escravos. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan kwana uku a wani lungu mai sauran iska, a zurfin kimanin mita 30. Da masu nutso suka iske shi, ba su fito da shi kai tsaye ba. Sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a ɗakin rage matsi, domin jikinsa ya riga ya cika da nitirojin.

Masanin nan na Birtaniya, John Scott Haldane, shi ya fitar da jadawalin hawowa daki-daki a 1908. Daga baya Albert Bühlmann na Zurich ya inganta lissafin, kuma tsarinsa ne yawancin kwamfutocin nutso ke bi a yau.

Agogunan da ke iyawa

Garmin ya fito da Descent Mk1 a 2017. A watan Satumban 2022 Apple ya gabatar da Apple Watch Ultra mai ma'aunin zurfi, wanda ke zama kwamfutar nutso har zuwa mita 40 idan aka sa masa manhajar Oceanic+, kuma cikakken amfani da manhajar sai an biya kuɗi. Agogon zai nuna zurfi da zafin ruwa, ya girgiza hannu idan hawowa ta yi sauri (ƙa'ida ita ce kada a wuce mita 9 zuwa 10 a minti guda), ya kuma tuna wa mutum tsayawar minti uku a mita biyar kafin fita. Bayan an fito, yana ƙirga sa'o'in da za a jira kafin hawa jirgin sama, aƙalla 12 bayan nutso ɗaya.

Rubutun "mita 50" da ake gani a bayan agogunan da suka cika kasuwanninmu gwajin matsi ne na ɗakin bincike. Ya isa alwala, ruwan sama da iyo a saman ruwa. Agogon da ba shi da ma'aunin zurfi da lissafin nitirojin, komai kyansa, ba kwamfutar nutso ba ne.

A ruwayenmu fa?

Wanda zai nutsa a madatsun Sabke ko Daberam da ke yankin Daura na da abu biyu da zai gyara a agogonsa. Na farko, ruwan daɗi bai kai na teku nauyi ba, don haka sai a zaɓi nau'in ruwan. Na biyu, ƙasar Daura, har zuwa Babban Mutum a Ƙaramar Hukumar Ɓaure, ta haura mita 300 daga saman teku, kuma daga nan ne ake ɗaukar nutso a matsayin na kan tudu, inda lokacin zama a ƙasan ruwa ke raguwa. Ga kuma laka: ruwan damina kan yi duhun da ko fuskar agogo da ƙyar ake gani, shi ya sa girgizar hannu ta fi rubutu amfani.

Amma fa yawancin masu nutsonmu ba su da tukunyar iska. Lokacin da kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano ranar 30 ga Nuwamba, 2021, masu iyo na yankin na cikin waɗanda suka shiga neman mutane. Mai riƙe numfashi irin wannan ba kumfar nitirojin ce babbar barazanarsa ba, suma ce saboda ƙarewar iska, ko sarƙewa a raga da saiwoyi. Agogo zai iya ƙirga masa daƙiƙu, amma ba ya sanin iskar da ta rage a ƙirjinsa.

Ko ga mai tukunya, agogon da aka wuni ana karanta saƙonnin WhatsApp da shi na iya mutuwa a tsakiyar nutso, shi ya sa ƙwararru ke riƙe na'ura ta biyu. Kamfanonin da kansu na gargaɗin cewa wanda bai samu horo da takardar shaidar nutso ba kada ya dogara da shi, kuma ba a shiga ruwa ba tare da abokin nutso ba.