Ajaokuta: An Sayi Tanderu, Ba a Tanadi Abin Hura Shi Ba

Burin Nijeriya na narka ƙarfenta da kanta ya kankama ne a zamanin yaƙin basasa, lokacin da Tarayyar Sobiyat ta sayar wa gwamnatin Gowon makamai, zumunci ya ƙullu. A 1971 aka kafa hukumar raya harkar ƙarfe ta ƙasa, a 1973 aka gano tama mai yawa a duwatsun Itakpe. Wannan tamar ce ta jawo aikin zuwa Ajaokuta, a bakin kogin Neja, cikin jihar Kogi ta yau. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta sa hannu kan kwangilar gina masana'antar ƙarfen da kamfanin Tyazhpromexport na Sobiyat, a 1980 Shehu Shagari ya aza harsashi. Kashi na farko kaɗai an tsara zai fitar da tan miliyan 1.3 a shekara.

Tun daga rabon kwangila aka soma samun baraka. Injuna da kafa su na Rashawa ne. Aikin siminti da gine-gine aka ba kamfanonin Yamma, irin su Fougerolle da Dumez na Faransa da Bilfinger Berger na Jamus, Indiyawan kamfanin MECON kuma suna cikin masu sa ido. Kowa da takardarsa, kowa da ranar biyansa. Mai kafa inji ba zai ɗaura ƙusa ɗaya ba sai mai siminti ya gama, mai siminti kuwa ba zai zuba ba sai ya ga kuɗi. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, biya ya riƙa tsaiko, jinkirin wannan ya zama hujjar wancan, aka rasa mutum guda da za a riƙe a ce kai ne da alhakin kammalawa.

Sannan aka fara ginin ta wutsiya. Injunan murza ƙarfe, masu fitar da rodi da waya, su aka fara ƙaddamarwa a 1983 da 1984, da tunanin su kawo kuɗin shiga, ma'aikata su goge. Dabarar ba ta banza ba ce, amma waɗannan injuna sandunan ƙarfe suke ci, kuma sai an kawo su daga kamfanin ƙarfe na Aladja ko daga ƙetare. Aladja kuwa ko masana'antun Katsina da Jos da Osogbo bai iya ƙosarwa ba.

Zuciyar Ajaokuta ita ce babban tanderun narka tama, kuma a nan ne nake ganin aka yi babban sakaci. Irin wannan tanderu in aka hura shi, shekaru zai yi yana ci dare da rana. Idan abincinsa ya yanke ya huce, narkakken ƙarfen zai daskare a cikinsa, gyara ya koma kusan sabon gini. Saboda haka babu injiniya mai hankali da zai kunna shi sai ya tabbatar tama da farar ƙasa da gawayin kwal suna isowa ba fashi. To, kwal ɗin Enugu ba irin wanda ake gasawa don tanderu ba ne, na Obi kusa da Lafiya kuma toka da farar wuta sun yi masa yawa, dole a shigo da kwal mai dacewa ta teku. Tamar Itakpe ƙarfen cikinta bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, sai an tace ta. Layin dogon da zai haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri an fara shi a 1987, ba a buɗe shi ba sai 2020. An sayi ingarman doki, babu wanda ya yi cinikin harawa.

Zuwa 1994 hukumomi na cewa an kammala kashi 98 cikin ɗari. Wannan adadi injunan da aka kafa yake ƙirgawa, bai ƙirga ma'adinai da hanyar sufuri da kayan gyara ba. Tarayyar Sobiyat ta riga ta rushe a 1991, masana'antun da suka ƙera kayan sun rarrabu cikin ƙasashe daban-daban, bashi ya taru, Rashawa suka tattara suka tafi. Ma'aikatan da suka rage, da yawansu an horar da su a Sobiyat da Indiya, suka koma shafa wa injuna giris da juya su lokaci-lokaci don kada tsatsa ta cinye su. Sun cancanci yabo, don ba domin su ba da babu abin da za a ci gaba da magana a kai.

Da aka gaji, sai aka shiga neman mai gudanarwa, shi ma da gaggawa. A 2003 aka damƙa masana'antar ga kamfanin Solgas na Amurka, a 2004 aka soke, aka ba kamfanin Global Infrastructure na Pramod Mittal. Gwamnatin 'Yar'aduwa ta soke wannan ma a 2008 bisa zargin kwashe kadarori, shari'a ta tafi gaban masu sulhu a Landan, masana'antar Ajaokuta ta zauna cikin rigima shekara 14. A 2022 gwamnatin Buhari ta amince ta biya dala miliyan 496 don a kashe maganar, kuma har ranar da aka yi wannan sulhu ba a taɓa hura tanderun ba ko sau ɗaya.